SUNA LINZAMI: SHIN DAIDAI NE A RAƊA WA JARIRI SUNAN DA BA A SABA JI BA?



Kwanakin baya, bayan an tashi daga Misar safe, wani matashin magidanci da matarsa suka same ni a ofis domin a rubuta 'yarsu ta fari cikin jerin waɗanda za a yi wa baftisma. Mahaifiyar magidancin ta biyo su, ita ce ma take riƙe da jaririyar. Da na buɗe littafi na tambayi suna, sai uban ya faɗi wata kalma wadda ban taɓa ji ba. Na roƙe shi ya maimaita, ya maimaita, daga bisani na miƙa masa takarda ya rubuta. Na ce masa, "Ɗana, wannan suna daga wane harshe yake, mene ne kuma ma'anarsa?" Ya yi murmushi ya ce, "Fada, ban san ma'anarsa ba. A wani fim na ji shi, ya yi mini daɗi. Ina so 'yata ta sami sunan da babu mai irinsa a garin nan." Tsohuwa kuwa ta gyara zama ta ce, "Fada, yau kwana goma ke nan ina ƙoƙarin kiran jikata, harshena ya ƙi juyawa. Ga sunan uwata yana nan, har yanzu ba wanda ya gaje shi."

Ban rubuta kome ba ran nan. Na roƙe su su koma gida su yi shawara, su dawo bayan mako biyu. Amma maganarsu ta zauna mini a rai, gama kowannensu yana da tasa gaskiyar. Uban yana so a san 'yarsa ita kaɗai ce irinta, haka kuwa Allah ya halicce ta. Kakar tana so yarinyar ta san tana da tushe, wannan ma nufin Allah ne. Saboda haka na ga ya dace mu yi tunani tare a kan wannan tambaya: wane iko iyaye suke da shi a kan sunan ɗansu, ina kuma iyakar ikon?

Abin da ya faru a gidan Zakariya

Irin wannan gardama tsohuwa ce. Waliyi Luka ya ba mu labarinta a sura ta fari ta Bishararsa. Da Alisabatu ta haihu cikin tsufanta, maƙwabta da dangi suka taru a rana ta takwas domin kaciyar yaron, suka kuwa riga suka yanke cewa za a sa masa sunan ubansa, Zakariya. Uwar ta ƙi, ta ce Yohanna za a kira shi. Dangi suka kawo hujjar da har gobe ake kawowa a gidajenmu, wato babu mai wannan suna a cikin zuriyar. Aka juya ga Zakariya, wanda bakinsa yake rufe tun ranar da ya yi shakkar saƙon mala'ika. Ya nemi allo ya rubuta sunan da matarsa ta faɗa, nan take bakinsa ya buɗe, ya shiga yabon Allah.

Daga wannan labari muna koyon abu biyu. Na fari, al'adar dangi ba ita ce magana ta ƙarshe ba. Da an bi ra'ayin taron nan, da an saɓa wa umarnin Allah. Don haka kada dattawa su ɗauka cewa "ba mu taɓa ji ba" hujja ce da ta isa ta hana suna. Na biyu, Zakariya da Alisabatu ba su zaɓi sunan don su bambanta da maƙwabta ba. Biyayya ce suka yi, sunan kuma yana da ma'ana sananniya a harshensu na Ibraniyanci, wato Ubangiji ya yi alheri. Duk wanda ya kira yaron ya yi shaidar abin da Allah ya yi wa tsofaffin nan biyu. Ashe ƙarancin masu suna ba laifi ba ne, ba kuwa abin yabo ba ne. Abin dubawa shi ne dalilin da ya sa aka zaɓe shi, da kuma abin da yake faɗa.

Kyautar da mai karɓa ba ya iya ƙi

In aka ba mutum riga, yana iya sawa, yana iya ajiyewa. Suna kuwa ana ba jariri tun bai san hannunsa na dama ba, ba a nemi shawararsa ba, shi ne kuma zai ɗauke shi zuwa makaranta, zuwa wurin neman aiki, zuwa gaban bagade ranar aurensa, har a rubuta shi a kan kabarinsa. Iyaye sukan yi mako guda suna zaɓe, ɗan kuwa ya yi shekara saba'in yana amsawa. Wannan shi ya sa mai cewa "ɗana ne, ni na haife shi, zan sa masa abin da na ga dama" ya yi kuskure. Ɗa amanar Allah ne a hannun iyaye, mai riƙon amana kuwa amfanin mai kaya yake dubawa kafin nasa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana iyayen da suka ɗora wa jarirai nauyin baƙin cikinsu. A Farawa sura 35, Rahila tana bakin mutuwa wajen haihuwa ta kira ɗanta Ben-oni, wato ɗan wahalata. Yakubu, ko da yake shi ma yana cikin makoki, bai yarda yaron ya girma yana tuna cewa zuwansa ne ya zo da mutuwar uwarsa ba, sai ya kira shi Biliyaminu, ɗan hannun dama. A littafin Sama'ila na fari sura 4, surukar Eli ta haihu a ranar da aka ƙwace akwatin alkawari, ta sa wa ɗanta Ikabod, domin a ganinta ɗaukaka ta rabu da Isra'ila. A littafin Tarihi na fari sura 4 kuma akwai Yabez, wanda uwarsa ta raɗa masa sunan azabar da ta sha, har da ya girma ya roƙi Allah ya tsare shi daga wahala, Allah kuwa ya amsa masa.

Mu ma muna da irin wannan. Akwai iyayen da 'ya'ya suka yi ta mutuwa a hannunsu, sai su sa wa na gaba suna irin su Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Muna tausaya wa hawayen da ke bayan waɗannan sunaye, amma Kirista ya san ran ɗansa yana hannun Allah, ba a kuma yaudarar mutuwa da suna. Akwai kuma sunan habaici, wanda ake raɗawa a harsunanmu dabam-dabam domin a soki dangin miji, ko maƙwabci, ko wanda ya yi wa mace gorin rashin haihuwa. Rigimar takan mutu, masu rigimar su shirya, yaron kuwa ya ci gaba da yawo da ita a goshinsa. Wanda ya mai da ɗansa allon rubuta fushinsa ya zalunce shi.

Girman kai ma yakan shiga wannan sha'ani ta ƙofar baya. Wani uba, in ya bincika zuciyarsa da gaskiya, zai tarar cewa kansa yake so a yaba, a ce wane ya waye, wane ya san duniya. To, ɗa ba tambari ba ne da za a buga don a ji sunan ubansa. Ranar da abokan makaranta za su mai da sunan abin dariya, uban yana gida, yaron ne kaɗai zai sha kunyar.

Abin da Ikkilisiya take koyarwa

Da yawa daga cikinmu suna tsammani doka ce sai an sa wa yaro sunan waliyi, kuma sai sunan ya zama na Turawa. Bari mu gyara wannan fahimta. Littafin Dokokin Ikkilisiya na shekarar 1917, a doka ta 761, ya umarci limamai su tabbata an ba wanda za a yi wa baftisma sunan Kirista. In iyaye suka ƙi, sai a ƙara sunan waliyi a kan nasu, a rubuta duka biyu. A ƙarƙashin wannan doka aka yi wa kakanninmu da yawancin iyayenmu baftisma. Amma sabon Littafin Dokoki na shekarar 1983, a doka ta 855, ya sassauta. Abin da ya ɗora wa iyaye, da iyayen baftisma, da Fada mai kula da majami'a, shi ne su lura kada a sa sunan da ya saɓa wa ruhun Kiristanci. Katikizim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a shekarar 1992, ya ƙara bayani a sakin layi na 2156 cewa sunan baftisma yana iya zama na waliyi, wanda zai zama abin koyi da mai roƙo domin yaron, yana kuma iya zama sunan da ke bayyana wani asirin bangaskiya ko wani halin kirki na Kirista.

Ashe ƙofa a buɗe take. Godiya, Alheri, Salama, Bege, Ƙauna, Murna, Haske, Nasara, Kyauta, duk sunaye ne da za a iya kawowa wurin ruwan baftisma da kai a ɗage. Haka kuma sunayen da ke cikin harsunan kakanninmu masu cewa Allah ya ji, Allah ya bayar, Allah ne mai iko. Sunayen rana da na yanayin haihuwa, irin su Ladi, Talatu, Asabe, Ɗanjuma, Tanko, Kande da Gambo, ba su ɗauke da wani abin da ya saɓa wa bangaskiya. Tarihin gida suke adanawa. Duk da haka Ikkilisiya ba ta daina ƙarfafa mu mu haɗa da sunan waliyi ba, gama babban gata ne yaro ya tashi ya san yana da takwara a gaban kursiyin Allah.

Tarihi ya nuna kuskure iri biyu a wannan fanni. Na ɗaya shi ne ɗaukar kowane sunan Turawa a matsayin sunan Kirista, har mutum ya yar da suna mai yabon Allah a harshen uwarsa, ya ɗauko wata kalma daga ƙetare wadda ba ta da alaƙa da Almasihu ko kaɗan. Kayan aro ba ya rufe katara. Na biyu shi ne abin da ya faru a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a shekarar 1972, lokacin da Shugaba Mobutu ya tilasta wa jama'a su yar da sunayensu na baftisma da sunan komawa ga al'ada. Kadinal Malula na Kinshasa ya yi tsayayya da wannan, har ya zama dole ya bar ƙasar zuwa Roma na ɗan lokaci. Bangaskiyarmu ba ta raina harshen kowa, ba ta kuma yarda a raba mu da zumuncin tsarkaka na dukan duniya.

Ga mai neman sunan da ba a saba ji ba

In uba ko uwa suna marmarin suna mai wuyar samu, taskar Ikkilisiya cike take, ba mu ma taɓa rabinta ba. A nan nahiyarmu akwai Kizito, ƙaramin yaro mai hidima a fadar Sarki Mwanga na Buganda, wanda aka ƙone tare da Waliyi Charles Lwanga da abokansu a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886. Paparoma Bulus na Shida ya sa shahidan Yuganda su 22 cikin jerin waliyai a shekarar 1964, Ikkilisiya kuma tana girmama yaron da sunansa na gida. Kafin wannan lokaci, wa ya san sunan Kizito a ƙasarmu? Yau ga shi a makarantu da majami'u da gidaje. Akwai Perpetuwa da Felisita, mata biyu da suka ba da ransu a birnin Kartaj a shekara ta 203. Akwai Monika, wadda ta yi shekaru tana hawaye da addu'a har ɗanta Agustin ya tuba. Akwai Mai Albarka Anuwarite ta ƙasar Kwango, wadda aka kashe a shekarar 1964 saboda ta tsare alkawarinta ga Allah. Akwai kuma namu na gida, Mai Albarka Tansi, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga zuwa matsayin masu albarka a Oba, kusa da Onica, ranar 22 ga Maris, 1998.

Amma labarin da ya fi taɓa wannan magana tamu shi ne na Waliyiya Yosefina Bakita. An haife ta a yankin Darfur na ƙasar Sudan wajen shekarar 1869. Tana ƙaramar yarinya masu fataucin bayi suka sace ta, tsananin firgita da azaba suka sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka kira ta Bakita, wato mai sa'a a Larabce, sunan da ya yi kama da ba'a ga yarinyar da ake saye da sayarwa. Daga baya ta isa ƙasar Italiya, aka yi mata baftisma a birnin Benis ranar 9 ga Janairu, 1890, ta shiga zaman zuhudu, ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947. A shekara ta 2000 aka sa ta cikin waliyai. Sunan da azzalumai suka liƙa mata shi ne yau miliyoyin masu bi suke kira cikin addu'a.

Wannan ya isa ya raba mu da camfi. Hausawa sun ce suna linzami ne, akwai kuwa gaskiya a ciki, domin yaron da ake kira Salama kullum ana tuna masa abin da ake fata ya zama. Amma linzami ba ya tafiya da kansa, sai da mahayi. Suna ba ya sa arziki, ba ya kawo tsiya, ba ya kuma maye gurbin tarbiyya. Yahuza suna ne mai daraja a Isra'ila: jarumi Yahuza Makabi ya ɗauke shi, manzanni biyu kuma sun amsa shi. Ɗaya ya ci amanar Ubangijinsa, ɗayan kuwa muna bikinsa kowace ranar 28 ga Oktoba. Suna ɗaya, ƙarshe biyu. Mutum ne yake cika sunansa da daraja ko ya zubar da ita.

Suna da tsoro

Akwai wani dalili da wasu iyaye ba sa faɗa a fili, amma sukan raɗa mini shi a keɓe. Sun ga abin da ya faru a Kaduna a shekara ta 2000, da Jos a shekara ta 2001, da wasu wurare bayan haka, inda aka tare hanya ana tambayar matafiyi sunansa, Kirista da Musulmi duka suka rasa rayuka saboda amsar da suka bayar. Wasu kuma suna tsoron kada suna ya hana ɗansu gurbin karatu ko aiki. Don haka suke neman sunan da ba zai nuna addini ko ƙabila ba.

Ba zan yi wa irin waɗannan iyaye hukunci ba, gama kiyaye ran ɗa wajibi ne, hikima kuma ba zunubi ba ce. Muna da sunaye masu yawa da muke tarayya a kansu da maƙwabtanmu Musulmi, irin su Ibrahim, Musa, Yakubu, Yusufu, Dauda, Haruna da Maryamu, dukansu kuwa sunaye ne na Littafi Mai Tsarki. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikinsu bai yi musun kome ba. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kada mu koya wa yaro tun yana cikin zanen goyo cewa bangaskiyarsa abin ɓoyewa ce. Cutar tana cikin zukatan masu kisa saboda suna, can ne kuma ya kamata mu da shugabannin sauran addinai mu kai magani.

Tambayoyi kafin a yanke shawara

Ga iyayen da ke jiran haihuwa, ina ba da shawara ku zauna ku biyu, miji da mata, ku yi addu'a, sa'an nan ku tambayi kanku waɗannan abubuwa.

Shin mun san ma'anar sunan da harshen da ya fito? In ba mu sani ba, mu bincika wurin Katikis, ko Fada, ko dattawan da suka san harshe. Kada mu sa wa ɗa abin da ba za mu iya bayyana masa ba ranar da ya tambaya.

Shin kakanninsa za su iya kiransa? Sunan da ya gagari bakin mutanen gida, laƙabi ne zai cinye shi, laƙabin kuwa ba ku ne za ku zaɓa ba.

Shin sunan zai dace da shi yana ɗan shekara sittin kamar yadda ya dace da shi yana jariri? A nan ina roƙo musamman saboda 'ya'ya mata, domin na lura akan nema wa namiji suna mai nauyi, mace kuwa a nema mata mai daɗin ji kawai, sai ka ce ado aka haifa. Ita ma za ta zama uwa, ko malama, ko shugaba, baftismarta kuma daidai take da ta ɗan'uwanta.

Shin mun tsai da yadda za a rubuta shi? Baƙon suna yakan fito da rubutu iri uku: ɗaya a katin baftisma, ɗaya a takardar haihuwa, ɗaya a rajistar makaranta. Na ga matasa da yawa suna zirga-zirgar rantsuwa a kotu don gyara harafi guda. Ku rubuta shi iri ɗaya tun daga ranar fari.

A ƙarshe, don wa muka zaɓe shi? In amsar ita ce don a yaba mana, mu sake tunani.

Su kuma dattawa da dangi, ku ba da shawara cikin ƙauna, amma ku tuna cewa iyayen yaro ne za su ba da lissafi a kansa. Kada neman takwara ya raba gida. Yaro yana iya ɗaukar suna biyu ba tare da sun yi masa nauyi ba.

Da mako biyu suka cika, magidancin nan ya dawo da iyalinsa. Ya ce ya bincika sunan fim ɗin, bai sami wanda ya san ma'anarsa ba, matarsa kuma ta ba shi labarin da ta ji a taron Zumuntar Mata. Suka ce a rubuta Bakita, a bi da sunan mahaifiyar tsohuwa. Kakar ta gwada sunan sau biyu, ya zauna mata a baki, ko da yake ta ce ita dai da na uwarta za ta riƙa kira. Na bincika littafin baftisma na majami'armu, ban kuwa sami wata mai wannan suna ba.

'Yan'uwana, a Bisharar Yohanna sura 10 an nuna mana Makiyayi Mai Kyau yana kiran tumakinsa kowace da sunanta. A sura 20 kuma, Maryamu Magadaliya ba ta gane Ubangiji da ya tashi daga matattu ba sai da ya kira sunanta. Littafin Wahayi sura 2 ya yi wa mai nasara alkawarin farin dutse mai ɗauke da sabon suna, wanda mai karɓa kaɗai zai sani. Ko ɗanka yana da takwara dubu a gari, Allah ba zai rikita shi da wani ba. Saboda haka mu zaɓi sunayen 'ya'yanmu da natsuwa da tsoron Allah, sa'an nan mu yi aikin da ya fi wuya, wato mu rene su yadda za su amsa da murna ranar da Makiyayi zai kira su.

Bari Uwargida Budurwa Maryamu da Waliyi Yusufu, waɗanda suka raɗa wa Mai Cetonmu sunan da mala'ika ya kawo, su yi roƙo domin dukan iyaye da jariran wannan Dayosis. Amin.